Ranar da 'Yan Garwashi Suka Nome Iyaka

"Keziah, tuwon nan zai kama fa," in ji mamanta, Mama Dinah, daga bakin ɗaki. "Muciya tana hannunki, kunnenki yana gindin mangwaro."

Keziah ta yi firgigit ta ci gaba da tuƙi, amma ba ta fasa sauraro ba. Ina za ta iya? A gindin mangwaron tsakar gidansu da ke Rikoto a garin Zuru, babanta ne zaune a kujerarsa ta katako, ga Japhet tsugune a gabansa kamar ɗan makarantar da aka kama da laifi. Shekara uku suna soyayya, yau ne karon farko da ya wuce ƙofar gidan. Saboda wannan zuwan har gashinsa na dada mai igiya-igiya ya aske, wanda ya yi shekara huɗu yana tarawa. Kan ya fito fes yana ƙyalli, ita kanta da ƙyar ta gane shi.

Baban nata, Baba Manga, dattijon ikilisiya ne, manomi tun tasowarsa, kuma mutum ne da ba ya gaggawar magana. Sai da ya ƙare wa saurayin kallo tsaf sannan ya buɗe baki.

"Danginka sun zo, mun ji su. Amma ni kai nika son gani. In gari ya waye, mi kaka yi?"

"Waƙa muke yi, Baba. Waƙar bishara."

"Na ji ta. Ranar da kunka yi a filin makaranta, akuyata sai da ta tsinke igiya."

Japhet ya sunkuyar da kai. Abin da yake tsoro ke nan tun a hanya, a ce masa ya zaɓa, ko jita ko Keziah.

"Ban hana ka kiɗanka ba," in ji tsohon. "Kowa da abin da Ubangiji ya sa mishi a hannu. Amma ni shekara bakwai na yi ina golmo a gonar kakan yarinyar ga kafin a ba ni uwarta. Ka san golmo?"

"Na ji ana faɗi, Baba."

Ji kawai ya yi. Golmo tsohuwar al'adar ƙasar Zuru ce: saurayi ya tara abokansa su riƙa yi wa uban budurwa noma, damina bayan damina, har a ga ƙarfinsa da halinsa kafin a ba shi mata. Yawancin gidaje sun bar ta, amma Baba Manga ba yawancin mutane ba ne.

"Ban ce bakwai ba, zamani ya sake. Damina guda nika so, daga noman firi har dawa ta shiga rumbu. Ka taho da abokanka, don ba a golmo mutum guda. Amma in ka aje hauya tsakiyar damina ka yi tahiyarka, to, ni na ɗauka ka fasa."

Japhet ya saki wata ajiyar zuciya da har a bakin murhu sai da aka ji ta. Noma kawai? Ai shi ke nan! Ya yi godiya har sau uku. Keziah ta rufe baki da gefen zaninta tana dariyar murna, tuwon kuwa ya kama ɗin.

Abokan nasa biyu ne, Justice da Divine, kuma duk su ukun 'ya'yan sojoji ne. A barikokin Kaduna da Ibadan da Maiduguri suka tashi, sai da iyayen suka bar aiki aka kwaso su aka dawo da su gida Zuru, sun iya Hausa da Turancin bariki, C'lela kuwa, yaren gida, sai gaisuwa. A zumuntar matasa suka haɗu. Japhet ne mai jita da rera waƙa, Justice mai zubo baitocin gambarar zamani kamar ana zazzage buhun gyaɗa, Divine kuma mai dukan ganguna. Lahadin farko da aka ba su dama a majami'a, wata tsohuwa 'yar zumuntar mata ta toshe kunne ta fita tana cewa an zuba mata garwashi a kunne. Dattawa suka ce nan ba gidan rawa ba ne. Su kuwa samarin suka tafi da abu ɗaya daga wurin, wato suna: Garwashi.

Daga nan suka koma bayan wani shagon gyaran rediyo suna atisaye. Shekara shida suna fama, daga bikin aure zuwa taron matasa, Mahuta, Yawuri, Kwantagora, wani lokaci janareta ya mutu a tsakiyar waƙa su ƙarasa da baki da tafi. A Mahuta ne wata malamar firamare ta tare Japhet bayan wasa ta ce masa jitarsa ta yi daɗi, amma amshin da ya yi da C'lela ko kakarta ba za ta gane shi ba. Malamar ita ce Keziah. Tun daga ranar ita ke gyara musu baitocin yare, kuma a wajen gyaran ne zance ya zarce.

A shekarar nan ne ƙofa ta buɗe. An gayyace su babban taron waƙoƙin bishara a Jos, ƙarshen watan Yuli, kuma wani mai situdiyo ya ce in an tashi taron zai ɗaukar musu albam ɗinsu na farko. Mako uku ke nan gaba ɗaya. Japhet ya tsara abinsa: za su yi noman firi da maimai da wuri, su burge tsoho, sannan ya roƙi izinin mako uku.

Ranar Litinin da sassafe Baba Manga ya kai su gonar, can gindin dutse a hanyar Mahuta. Ya nuna musu da sandarsa, ya ce daga nan zuwa can, ya wuce Danko wajen jana'izar wani abokinsa. Shi a ganinsa ba sai an yi wa ɗan Zuru bayanin gona ba.

Kafin rana ta take, tafin hannun kowa ya yi bororo. Abin da suka nome, in tsohon ya gani, ko tabarma biyu ba za a shimfiɗa a kai ba. Divine ya kwanta a inuwar wata ƙirya yana cewa shi bayansa ya rabu da shi. Justice ne ya miƙe yana hangen gaba.

"Bros, dubi wancan," ya ce da Japhet. "Mu muna nan muna tsintar ƙananan ciyayi, ga uwarsu can a tsakiyar gona."

Wata doguwar ciyawa ce, tuli-tuli, ta yi layi tun daga gindin dutse har bakin rafi, tsayinta ya kai ƙugu.

"Tsohon ƙarfinsa ya ƙare, shi ya sa ya bar ta," in ji Justice. "In muka share wannan, wallahi gobe ma zai iya ba ka Keziah."

Duk yaron da ya kai shekara bakwai a ƙasar Zuru ya san in ka ga gamba ta yi layi a gona, iyaka ce, dasa ta aka yi. Amma a bariki waya ake ja. Samarin nan suka faɗa wa gambar da fartanya, suna sara suna waƙa, Divine yana ba da kiɗa da baki. Suka kwashe ta suka watsa a rafi, ruwa ya tafi da ita. Suka ja ƙasa suka rufe wurin, suka baje shi sumul, suka zarce da noma har cikin dawar da ke ɗaya gefen. Da yamma gona biyu ta zama ɗaya. Har hoto suka ɗauka a wurin, kowa ya saɓa fartanyarsa.

Ɗaya gefen na Baba Dantani ne, yayan Baba Manga, uwa ɗaya uba ɗaya. Mahaifinsu ne ya raba musu gonar kafin ya rasu, ya dasa gambar da hannunsa. Tun rasuwarsa 'yan'uwan suka sami saɓani a kan rabon, kowa yana ganin an fifita ɗan'uwansa. Shekara goma sha ɗaya ba su ci a kwano ɗaya ba. In sun haɗu a majami'a, gaisuwa ce ta fatar baki. Layin ciyawar nan shi kaɗai ya hana abin ya kai gaban alƙali.

Washegari samarin suka iso gona suna taƙama, suka tarar da tsofaffin biyu a tsaye, ga mai unguwa, ga mutane sun fara taruwa.

"Ga su nan," in ji Baba Dantani. "Manga, ka ɗauko 'yan bariki da sunan golmo su haɗiye mini gona. Kai da aka kira dattijon ikilisiya!"

Baba Manga bai kula shi ba. Ya juyo wajen Japhet.

"Ku kunka yi wanga aiki?"

"Mu ne, Baba," in ji Japhet, har yanzu bai gane ba.

"Saiwar fa?"

"Har saiwa muka cire, Baba. Ba za ta sake damun ku ba."

Wata mata a cikin taron ta ɗora hannu a ka. Sai a lokacin Divine ya ji wani yana cewa "iyaka", ya taɓa Japhet ya raɗa masa. Japhet ya durƙusa a wurin.

Mai unguwa ya ce to, kowa ya nuna inda layin yake. Nan fa son zuciya ya leƙo. Baba Dantani ya taka har wani tsohon kututturen ɗorawa, kunya huɗu cikin gonar ƙaninsa, ya ce a nan take. Baba Manga, da ya ji haka, ya taka har wani suri, kunya uku cikin gonar yayansa, ya ce ƙarya ne, a nan take. Aka yi ta cacar baki har 'ya'yan Baba Dantani suka fara naɗe hannun riga. Mai unguwa ya yanke: kunyoyin nan bakwai kada fartanyar kowa ta taɓa su, sai dattawa sun zauna bayan kaka.

Da mutane suka watse, Baba Manga ya tsaya a kan Japhet.

"Tashi ka tahi. Golmo ya ƙare. Kada in sake ganin ƙafarka gidana."

A gida Keziah ta durƙusa a gaban babanta tana kuka har muryarta ta dushe.

"Baba, kuskure ne. Bai sani ba. So yake ya faranta muku."

"Na san bai sani ba," in ji tsohon, idonsa a ƙasa. "Keziah, ɗakin da babana ya gina ya rushe. Itacen da ya shuka an sare. Gambar ga ita kaɗai ta rage mini cikin abin da hannunshi ya taɓa. Yau ga ni tsaye gaban mutane ina jayayya da ɗan'uwana kamar 'yan tasha. Kada ki sake kawo mini zancen yaron ga."

Ta tashi ta shiga ɗaki. Kwana biyu ko kunu ba ta sha ba.

A bayan shagon rediyo ma ba a kwashe lafiya ba. Saura kwana goma sha biyu tafiya Jos, Japhet ya ce shi ba ya zuwa.

"Ban gane ba," in ji Justice. "An kore ka, bros. A gaban kowa. Me za ka zauna yi?"

"Shi ya ce ya ƙare, cikin fushi. In na hau motar Jos, na tabbatar masa ke nan cewa na ajiye fartanya."

"Shekara shida muna jiran wannan sho ɗin. Shida! Ka san irin wahalar da na sha kafin a sa sunanmu a fosta? Yanzu saboda ciyawa—"

"Ciyawar da kai ka nuna mana," in ji Divine a hankali.

Justice ya yi jifa da makirufon hannunsa a kan kujera. Ana cikin haka Keziah ta shigo, idanunta sun kumbura. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi Japhet.

"Ka tafi Jos," ta ce. "Da gaske nake. Ko ka zauna ba lallai Baba ya sauko ba, sai ka yi asarar biyu. Kuma ba na son wata rana ka dube ni a ɗakinmu ka tuna abin da na hana ka."

"Ba ke kika hana ni ba, Kezi. Ni na sare ta da hannuna."

"To in bai sauko ba fa?"

"Sai in san na tsaya."

Ta fashe da kuka, amma a cikin kukan akwai sanyin rai, don abin da take so ta ji ke nan, ko da ba ta yarda ta roƙa ba. Justice ya saɓa jakarsa ya ce shi zai tafi, ko shi kaɗai ne. Da masu taron suka ji babu mai jita babu mai ganga, suka ba wata ƙungiya gurbin Garwashi, mai situdiyo ma ya daina ɗaukar waya.

Washegari Japhet ya ɗauki fartanyarsa ya koma gona, ya kama noma daga can ƙarshen da babu rigima. Baba Manga ya zo ya gan shi, ya wuce shi kamar ya wuce kututture. Bai ce zo ba, bai ce tafi ba. Rana ta biyu Japhet ya nufi gidan Baba Dantani ya tsuguna a ƙofa. Tsohon ya bar shi a nan har rana ta take, sannan ya fito.

"Ƙanena ya aiko ka?"

"Ba wanda ya aiko ni, Baba. Ranar nan ma ba shi ya sa mu ba, jahilcinmu ne. Na zo ku ba ni aiki a gonarku, tunda ku ma na yi muku ɓarna."

Baba Dantani ya yi tsaki, amma maimai ya tsaya masa, 'ya'yansa biyu sun koma makaranta. Ya nuna masa gefen rafi da haɓa. Daga ranar Japhet ya raba kwanakinsa, yau a gonar ƙane, gobe a ta wa. Divine yana zuwa yana taya shi, yana mita yana noma. Bororon hannunsu ya fashe, ya warke, ya zama kanta. Jita kuwa tana rataye, in Japhet ya ɗauko ta da yamma yatsunsa ba sa lanƙwasuwa yadda yake so, sai ya mayar da ita.

Ranar da ake buɗe taron Jos, yana duƙe a gonar Baba Manga, Mama Dinah ta zo da kunu a jarka. Ta duba hagu da dama, ta ga maigidanta ya yi nisa, ta miƙa masa.

"Ɗana, in tambaye ka. Da mi kunka cire gambar?"

Ya nuna mata fartanyar.

"Wagga? Ba garma, ba diga?"

"Ita kaɗai, Mama."

"Kun haƙa rami? Har ina?"

Ya gwada mata da hannu, bai kai tsawon yatsa ba. Mama Dinah ta dubi fartanyar, ta dubi hannun nasa, sai dariya ta kama ta har ta zauna a kan kunya tana share ido.

"Gambar da ta girme ka? Aski kunka yi mata, ɗana. Saiwarta tana nan ƙasa ko gezau."

Japhet ya yi zumbur zai nufi wurin, ta riƙo rigarsa.

"Zauna. In hannu ya taɓa wurin ga, za a ce dasawa anka yi da dare, rigima ta koma sabuwa. Kada ka tona, kada ka hwaɗa ma kowa. Bari ruwa ya sauka ta hito da kanta."

"Amma Mama, su Baba ba su san haka ba?"

"Manoma ne, yanzu da hushi ya kwanta sun sani sarai. Sai dai kowa ya riga ya taka gaban mai unguwa ya nuna wuri. Kowa tsoron abin da za ta nuna shika yi."

Matsalar ita ce ruwa ya ɗauke tun kwana biyu bayan ɓarnar. Dawa ta fara naɗe ganye, ƙasa ta yi tauri. Kullum Japhet ya ɗaga kai ya dubi sama, hadari ya haɗu ta gabas, iska ta watsa shi. Wanda ya saba roƙon Allah ya cika masa fili da jama'a, yau ga shi yana roƙon ruwa kamar kowane manomi. Keziah kaɗai ya gaya wa, ita ma ta shiga azumi ba tare da ta ce wa kowa don me ba.

A kwana na ashirin da uku, ranar Alhamis da azahar, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ya sake sauka ranar Asabar. Ranar Talata da safe Japhet ya iso gona, ya tsaya nesa da kunyoyin nan bakwai yana leƙe. Sai ya ga wasu 'yan tsirrai kore shar sun fasa ƙasa, tuli nan, tuli can, sun yi layi ɗoɗar tun daga gindin dutse har bakin rafi. Ya zauna a ƙasa a jiƙen, ya ciro waya ya kira Keziah.

"Kezi, ta fito."

Ya ji ta tana kiran mamanta da ƙarfi kafin wayar ta katse.

Kafin hantsi mai unguwa ya iso da tsofaffin biyu, jama'a a bayansu. Aka tsaya ana kallo. Layin bai bi ta kututturen ɗorawa ba, bai kuma bi ta suri ba. A tsakani ya bi, kunya huɗu daga inda wa ya nuna, kunya uku daga inda ƙane ya nuna.

Baba Dantani ne ya fara motsi. Ya cire hularsa ya sosa kai.

"Manga," ya ce, "tsoho ya ƙaryata mu mu duka biyu."

Baba Manga ya durƙusa ya shafa tsirran da tafin hannunsa, hawaye yana bin gemunsa. Sannan ya ɗago.

"Na san ba a suri take ba, Yaya. Hushi ne ya kai ni can. Ka gafarta mini."

Shekara goma sha ɗaya rabon da a ji ya kira shi Yaya. Baba Dantani ya kama hannunsa ya ɗaga shi, ya ce shi ma ya san ba a kututture take ba, a bar zancen. Matan da ke wurin suka fara share ido, Mama Dinah ta saki guɗa.

Da aka lafa, Baba Manga ya waiwaya ya ga Japhet can gefe a tsugune. Ya yafito shi.

"An ce mini kuna da babban taro a Jos. Na kore ka. Mi ya hana ka tahiya?"

"Ni na yi ɓarnar, Baba. Ban ga yadda zan hau dandamali in ce wa mutane su tuba ba, alhali tawa tana kwance a nan ban gyara ba."

Baba Manga ya buɗe baki zai yi magana, yayansa ya ɗaga masa hannu.

"Tsaya. Ni ne babba a gidan ga, ni ka bada ɗiya, ko ka manta? Mu a zamaninmu gona guda munka yi ma golmo. Wanga yaro biyu ya yi, kuma ba wanda ya ce mishi sannu. Noman nashi dai sai a hankali, amma ya tsaya. Na ba shi Keziah."

"Yaya ya gama magana," in ji Baba Manga. Ya dubi Japhet, bakinsa yana son yin murmushi yana hana shi. "Amma sai dawa ta shiga rumbu. Kuma daga yau, in ka ga ciyawa, ko a kan hanya take, ka tambaya."

Keziah, da ke laɓe a bayan mamanta, ta fito fili. Ta zauna a kan kunya tana dariya tana kuka, ta ce ita yunwa take ji, a ba ta ko mene ne.

Justice ya dawo bayan kwana biyu. An ba shi minti biyar a Jos tsakanin wasu ƙungiyoyi biyu, ya yi baitocinsa shi kaɗai a kan kiɗan waya, ya ce ji ya yi kamar yana cin tuwo ba miya. Bai iya ba da haƙuri da baki ba, sai kawai aka gan shi da sassafe a gona da sabuwar fartanya. Su uku suka yi huɗa, su uku suka yi girbi, suka ɗaure dami suka kai rumbu biyu.

An ɗaura auren a watan Disamba, tsofaffin biyu suna zaune a benci ɗaya. Ba zan ce muku Garwashi sun wayi gari sun shahara ba, don ba haka aka yi ba. Damar Jos ta wuce, kuma sun ji zafinta. Sai bayan shekara biyu suka ɗauki albam ɗin a wani ƙaramin situdiyo a Kaduna, a shekara ta uku Jos ta sake kiran su. Wannan karon su uku suka hau dandamali, Keziah tana ƙasa a cikin jama'a da goyo a bayanta tana bin amshin da ita ta gyara.

Samari da 'yan mata, kuskure kowa yana yin sa, har da wanda ya yi shi don neman a yaba masa. Abin da iyaye ke dubawa shi ne inda za a same ka washegarin kuskuren. Japhet bai iya noma ba, bai iya lallashi ba, bai kuma san ruwa zai sauka ba. Ya dai koma inda ya yi ɓarna, ya tsaya a wurin yana aiki, ba a ce masa sannu ba, har Allah ya kawo gyara. Da ya hau motar Jos, da gambar ta fito duk da haka, 'yan'uwa su shirya, amma da aka waiwaya neman wanda za a ba Keziah, da ba a same shi a wurin ba.